Mai gyara, fidda hatsi kafin ka rushe rumbu

Yau magana gare ni da masu gyaran kwamfuta na garuruwanmu, da mu kanmu masu kai masu gyaran. Na san wasu za su ji haushi, cikinsu har da abokan da muke shan shayi tare. Su yi haƙuri, abin da na gani ya fi ƙarfin in yi shiru.

Wani ɗan uwana yana da shagon buga takardu, irin wanda muke ce ma sakatariya. Shekara takwas yana aiki da kwamfuta guda. Cikinta akwai takardun saye da sayar da gonaki da ya buga ma mutane, wasu har ya yi masu sikan bayan shaidu sun sa hannu. Akwai lissafin asusun wata ƙungiyar mata, akwai hotunan aure da na suna, akwai kundin gama karatu na wani yaro ɗan jami'a wanda babi guda ya rage mashi. Cikin bazarar da ta wuce kwamfutar ta fara nauyi. In ya buɗe takarda sai ta tsaya cak, sai ta ga dama ta ci gaba. Rannan da safe ta ƙi tashi kwata-kwata. Ya ɗaura ta bisa babur ya kai ma mai gyara.

«Malam, mi ke damunta?»

«Birus ne, Alhaji. Sai an yi mata formate, a sa mata Windows sabuwa. Ka komo bayan la'asar.»

«To takarduna fa?»

«In Allah ya so ba abin da za ya same su.»

Ya biya jikka biyar ya tafi. Bayan la'asar kwamfuta ta tashi fes, ciki kuwa wayam, ko takarda guda babu. Ba a yi sati biyu ba ta sake faɗuwa, wannan karon ba ta ƙara tashi ba, don dama ba birus ba ne, disk ɗinta ne ke mutuwa. Yaron nan ɗan jami'a a gabana ya zauna ƙofar shago ya haɗa kai da gwiwa. Bayan damina kuma wani dattijo ya zo neman kwafin takardar gonarsa, don ruwa ya shiga ɗaki ya jiƙe tasa, ga shi maƙwabcinsa ya fara matso iyaka. Ɗan uwana bai da abin ba shi sai haƙuri.

Ba zan faɗi sunan mai gyaran ba, don ba shi kaɗai ba ne, al'ada ce ta bi gari. Ka kai kwamfuta ko mi ke damunta, maganin guda ne: formate. Ni kuwa abin da nike cewa shi ne, duk mai gyaran da za ya yi ma disk marar lafiya formate bai fara kwashe abin da ke ciki ba, ɓarna ya yi, ko da kwamfutar ta tashi tana walƙiya. Mai kwamfuta ya kawo ƙarfe, amma abin da ya dame shi aikin da ke cikin ƙarfen ne.

Kowane manomi tsakanin Korgom da Kanan Bakashe ya san wannan. In gara ta ci gindin rumbu ya fara karkata, ba wanda ke hawa kansa da taɓo ya ce yaɓe za ya yi. Dammunan hatsi ake fara fiddawa a kai wani wuri, sannan a zauna a yi shawarar rumbu, ko a gyara ko a rushe. Disk dur shi ne rumbun kwamfuta. Me ya sa hankalin da muke da shi a gona ke ɓace mana in mun zo gaban tebur?

Bari in ɗan faɗi yadda abin yake, don wanda bai san ciwo ba ba ya sanin magani. Cikin disk dur akwai faya-fayai masu sheƙi da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda. Bisa su akwai wani ɗan hannu mai kai ƙarami, shi ke rubutu shi ke karatu, yana shawagi kusa da faifan ba tare da ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ƙwayar ƙura guda ta fi ta girma nesa ba kusa ba. An rarraba fuskar faifan zuwa ƴan ɗakuna, a tsoffin disk kowane ɗaki na ɗaukar abin da ya kai harafi 512. Disk mai giga 500 yana da irin ɗakunan nan sama da miliyan 976. In kwamfuta ta faɗi, ko ta sha girgizar babur tana kunne, ko wuta ta yi ta ɗaukewa ana tsakiyar rubutu, ko tsufa kawai ya kama ta, sai wasu ɗakuna su daina karantuwa.

Ku lura da lissafin nan. Ko ɗaki dubu biyu ne suka lalace, duka-duka mega guda ke nan, bai kai hoto ɗaya na wayar zamani ba. Sauran miliyoyin suna nan lafiya lau. Amma in ɓarnar ta faɗa inda Windows ke tashi, ko inda jadawalin takardu yake, sai kwamfuta ta ƙi kunnuwa, mai ita ya ɗauka komi ya tafi. Komi bai tafi ba. Ƙofar rumbu ce ta toshe, hatsi na ciki.

To mi formate ke yi? Na gaggawa yana share jadawalin da ke nuna inda kowace takarda take, ya bar takardun a wurinsu. Cikakkensa kuwa, tun daga Windows Vista, bin disk yake ɗaki-ɗaki yana rubuta sifiri, abin da ya bi ta kai kuma ba mai maido shi. Ko na gaggawan aka yi, da zarar an sa Windows sabuwa an zuba sabbin abubuwa masu yawan giga bisa tsoffin. Ga kuma wahalar da aka ba disk ɗin da dama numfashinsa ya yi ƙasa. Irin wannan ne da wasu ke yi na sa kwamfuta ta binciki disk ta gyara kanta. A disk mai lafiya ba laifi. A wanda ke mutuwa kuwa, tilasta mashi ake ya yi ta komawa kan gyambon yana sosawa, kuma duk abin da binciken ya canza a jadawali ya canzu ke nan. Garin neman gira a rasa ido.

Disk yakan yi kashedi kafin ya mutu, mu ne ba mu saurare. Nauyi na ba gaira ba dalili, takardar da ta buɗe jiya yau ta ƙi, kwafin da ke tsayawa wuri guda kullum, ƙara ƙas-ƙas daga ciki. Kuma disk yana riƙe da lissafin lafiyarsa da kansa, wanda ake ce ma SMART. Wata ƴar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, tana nuna shi cikin minti guda. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da bincike kan disk sama da 100,000 na kamfaninsu. Sun samu cewa wanda ya nuna kuskuren karatu na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Sun kuma samu cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a lissafin ba. Darasi biyu ke nan: in ya yi kashedi ka gaskata shi, in bai yi ba kar ka saki jiki. Mai gyaran da bai duba wannan ba ya ce maka birus ne, canki-canka yake da dukiyarka.

Yanzu ga aikin da ya kamata. Sunansa ɗaukar hoton disk, masu sana'a na ce mashi imaj ko kilonaj. Ba kwafin takarda ɗaya-ɗaya ba ne irin na jawo babban fayil a jefa a kile, don wannan da ya ci karo da wuri marar kyau sai ya tsaya. Ana kwafe disk ɗin ne gaba ɗaya, ɗaki bayan ɗaki, zuwa wani disk mai lafiya wanda ya kai shi girma ko ya fi shi. Ba a tada kwamfutar da Windows ɗinta, ana tada ta daga kile mai Linux, irin su SystemRescue, don kar a rubuta komi bisa marar lafiyan.

Manhajar da aka fi sani da wannan aiki ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, tana nan tun 2004, kuma kyauta ce, ko dala ba a biya. Dabararta irin ta mai hankali ce da gobara ta kama ma ɗaki. Tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, in ta tarar da wuri mai gardama ta tsallake shi ta wuce. Sai ta gama da mai sauƙi sannan ta komo ta bi gefen wuraren da suka lalace a hankali, tana tsinto abin da za ya tsintu. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai: nan na kwashe, nan na tsallake, nan ya ƙi. Wannan taswira ita ce ta sa aikin ya dace da mu. Wutarmu ta layin Katsina take zuwa ta biyo Gazawa, kuma ba wanda ya manta watannin da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 lokacin da aka yanke ta daga can. In wuta ta ɗauke tsakiyar aiki, gobe sai ta tashi daga inda ta tsaya, ba sai an koma farko an ƙara gajiyar da disk ba.

In hoto ya samu, sai a cire marar lafiyan a nannaɗe a aje. Duk wani gwaji a kan kwafin ake yin shi. Akwai TestDisk mai gyara jadawalin da ya ɓace, akwai PhotoRec mai tsinto hotuna da takardu ko jadawalin ya tafi, ko da yake ba ya maido da sunayensu, sai ka zauna ka tantance. Duka biyun wani Bafaranshe ne, Christophe Grenier, ya yi su, su ma kyauta. In ka yi kuskure a kan kwafi, asali na nan. In ka yi kuskure a kan asali, sai dai addu'a. Kashedi guda ga mai koyo: ka duba sau uku wane disk ne mai ba da kaya, wane ne mai karɓa. In ka juya su, wofi za ka kwafe bisa dukiyar mutane.

Kar a ce labarin intanet nike kawowa. Na gani da idona. Wata malamar makaranta daga wajen Mayahi ta zo da ƙaramar kwamfutarta mai irin wannan ciwo, cikinta akwai sakamakon ɗalibai da hotunan mahaifinta marigayi. Wani matashi da ya koyi aikin ya ce mata: «Hajiya, kar ki sake kunna ta. Ki ba ni kwana huɗu.» Ya ari disk, ya jona da batirin sola, ya sa fanka na hura mata. Dare uku abu na tafiya kamar hawainiya. Rana ta huɗu ya buɗe kwafin, komi na nan sai ƴan hotuna kaɗan da suka fito rabi. Ciwo iri ɗaya da na ɗan uwana, hannu ne ya bambanta.

Gaskiya kuma ita ce, manhaja ba ta maganin kowane ciwo. In disk yana ƙas-ƙas ba tsayawa, ko ba ya juyawa, ko kwamfuta ba ta ganinsa sam, to ƙarfen ne ya samu matsala, kuma kowace kunnawa na iya ƙara karce faifan. Wannan aikin masu ɗaki na musamman ne wanda ƙura ba ta shiga, kuma da tsada. Mai gyaran kirki sai ya ce wannan ya fi ƙarfina. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a kwance disk da sukurdireba a bakin titi cikin hunturu, ko a sa shi a firji, ko a bubbuga shi a tebur wai ya warware. In an bar faifan bai karce ba, akwai sauran fata ko bayan shekaru. Kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse a sama ranar 1 ga Fabrairun 2003. An tsinci wani disk cikin tarkacensa, ya ƙone ya narke ta waje, amma ƙwararru sun fiddo kashi 99 cikin ɗari na abin da ke ciki. Wanda ya faɗo daga sama an cece shi, namu da ke bisa tebur a Tasawa mu ke ƙarasa shi da hannunmu. Su kuma sabbin kwamfutoci masu SSD, wanda ba faifai cikinsa, lamarinsu ya fi tsanani, don yakan mutu farat ɗaya, kuma abin da aka share a kansa da wuya ya dawo.

Na tattauna da masu gyara, kuma suna da hujjojinsu. Ba zan ɓoye su ba.

Suka ce mai kaya ne ke gaggawa, so yake yau-yau, kuma ba ya son biyan abin kirki. Gaskiya ne, mun iya wannan hali. Amma ka faɗa mashi? Ka ce mashi, Alhaji, hanya biyu ce, ta yau mai araha wadda za ka rasa komi, da ta kwana huɗu mai ɗan tsada wadda wataƙila a ceto aikinka? In ya zaɓi ta farko da saninsa, ba ruwanka. Laifin shi ne ka zaɓa mashi, ka rufe da «in Allah ya so». Sunan Allah ba marfin rashin sani ba ne.

Suka ce ba su da babban disk na kwafi. To mai faci yana buɗe rumfa ba famfo? Tela yana zama ba almakashi? Disk guda mai tera biyu da kile guda da ƴar igiyar jona disk ta waje, su ne jarin. In mutum guda bai iya ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya, ko mai kaya ya sayo sabon disk, tunda dama dole ya canza wanda ya mutu.

Suka ce ba wanda ya koya masu. Wannan ita ce hujjar da na fi tausaya ma, don yawancinsu a hannun ubangida suka koya, shi ma formate ya iya. Amma wayar da kake kallon ƙwallo da ita, ita ce ke ɗauke da darussan nan da Faransanci. Ka samo tsoffin disk da aka yar ka yi ta gwaji a kansu har hannunka ya faɗa, ba a kan kundin ɗan mutane ba.

Mu ma masu kaya kar mu wanke kanmu. Ɗan uwana shekara takwas bai taɓa yin kwafi ko sau ɗaya ba, na kuma faɗa mashi a gaban idonsa. Ƙa'idar da masana ke bi mai sauƙi ce: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Wato na cikin kwamfuta, da na disk ɗin waje, da wani a gida ko a intanet. Abin da ke wuri guda kaɗai, ka ɗauka aro ne.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne ma'aikatu. Ƙidayar 2012 ta nuna Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum rabin miliyan, kuma kowa ya san yadda gona ta yi tsada da yadda rigimar iyaka ke raba zumunci. Tun dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 aka tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke ce ma kofo, don a riƙa rubuta cinikin gona da kyauta da jingina. Ga ofisoshin takardun haihuwa, ga makarantu, ga gidajen likita, ga asusun ƙungiyoyi. Ban zargi kowa ba, tambaya nike. Duk shugaban da ke da kwamfuta a ofishinsa ya tambayi sakatarensa gobe da safe: in wagga ta ƙi tashi yau, ina kwafinmu yake, kuma yaushe aka gwada buɗe shi? In amsar ta zama shiru, to kun san matsayinku. Kuma kar zuwan kwamfuta ya sa a wofintar da rajistar takarda, kowace tana rufa ma ɗaya asiri.

Saura magana guda, ita ce amana. Hoton disk yana ɗauke da komi na mutum, har abin da ya share ya manta: hotunan iyalinsa, bashinsa, sirrin gidansa. Mai gyaran da ya zauna yana leƙe, ko ya tura ma abokai, ya ci amana, kuma tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita. In aiki ya ƙare, a miƙa ma mai kaya kayansa, a goge kwafin a gabansa.

Don haka ga roƙona. Kai mai kwamfuta, ran da ta fara nauyi ko ƙara, kashe ta, kar ka yi ta kunnawa kana gwada sa'a. In ka je wurin mai gyara, tambaye shi abu biyu: ka duba lafiyar disk? Za ka ɗauki hotonsa kafin ka taɓa komi? In ya yi maka dariya, ɗauki kayanka ka ƙara gaba. Ku kuma masu gyara, kar ku sa hannu a formate sai mai kaya ya ji da kunnensa abin da za ya rasa ya ce ya yarda. Manyanku da suka iya aikin su zaunar da yaransu su koya masu, rana biyu ta isa a fara.

Yaron nan ɗan jami'a ya sake rubuta kundinsa daga tsoffin takardun hannu, ya yi asarar wata biyar. Dattijon kuwa har yanzu ana kai da komo gaban mai gari. Wanda ya san ina ƙarya, ko yana da hujjar da ban kawo ba, fili na nan ƙasa, ya yi magana, zan amsa. Wanda kuma ya san mai sakatariya ko sakataren wata ma'aikata, ya tura mashi wannan rubutu tun kwamfutarsa na tashi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu gyara.